Zadok da Makullin Tifa

Zadok Yakubu shekararsa sittin da ɗaya. Direba ne a kamfanin Alhaji Jalo, dillalin motoci da ke Jimeta, kuma har zuwa daminar bara shi ne shugaban ayarin da ke ɗauko sababbin motoci daga Legas. Yana zaune a Bekaji da matarsa Keturah, malamar firamare da ta yi ritaya. Bai taɓa mallakar mota ba. Idan zai tafi aiki keke napep yake shiga kamar kowa, kuma 'yan keken unguwar sun san shi: da zarar sun yi ganganci za su ga ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu shi.

A wani ƙauye kusa da Ganye aka haife shi. Ya shigo Jimeta yana saurayi a bayan motar doya, ya yi yaron mota, ya koyi tuƙi a hannun mutumin da ba ya maimaita magana. Lokacin da ya fara aiki da Alhaji Jalo, kamfanin bai wuce fili da shingen kwano da tsofaffin motoci uku ba. Yau akwai ofis mai gilas, da yadi mai ɗaukar motoci da yawa, da reshe a Mubi.

Aikin nasu ba boyayye ba ne. Direbobi biyar ko shida su hau bas zuwa Legas, su je babban yadin kamfanin da ke shigo da motocin, kowa ya ɗauki sabuwa guda wadda ko lamba ba a sa mata ba, su jero zuwa gida ta Lokoja da Makurdi da Wukari da Jalingo. Ba a wuce na gaba, ba a barin na baya. Idan ɗaya ya tsaya kowa ya tsaya.

Ayarin yana da wata al'ada da ta girmi yawancin direbobinsa. Da an fito daga ƙofar yadin Legas, akwai wani mai shayi a gindin bishiya. Nan ake tsayawa, kowa ya ajiye makullinsa a kan benci, babba ya fara zaɓa, na biye da shi ya ɗauka, har a zo kan ƙarami. Saboda haka jif mai esi, wato na'urar sanyaya ciki, da kujera mai laushi ta dattijo ce, tifa da sauran manyan motoci masu karya ƙugu kuwa na yara ne. Zadok bai ƙirƙiro wannan ba, tarar da shi ya yi. Ya ce a shekarunsa na farko akwai lokacin da ya tuƙo ƙashin babbar mota, ba kai ba jiki, sai sitiyari da katakon zama, ya naɗe fuska da tsumma ruwa na dukansa tun daga Makurdi.

"Ban yi ƙorafi ba," in ji shi. "Na san wata rana ni ma zan fara sa hannu a bencin."

Shekara biyu da suka wuce kamfanin Legas ya kawo wata manhaja, ya ce duk dillalin da ke son mota sai ya yi aiki da ita. A ofishin Jimeta, Becky ce ke zaune a gabanta, yarinya mai shekara ashirin da tara da ta karanta kwamfuta, wadda iyayenta ke majami'a ɗaya da su Zadok. Idan mai saye ya yi oda, Becky ta shigar, nan take Legas su gani su ware masa motarsa. Manhajar ce ke zaɓen direban da zai ɗauko kowace mota, bisa layi da irin lasin da yake da shi. A jikin kowace mota kuma akwai wata 'yar na'ura da ke nuna ta a taswira kamar ɗigo mai tafiya, ta faɗi gudun da take yi, da inda ta tsaya, da tsawon tsayuwar.

Abin ya yi amfani, kuma Zadok bai taɓa musun haka ba. A da mai saye sai ya yi ta zarya ofis ana ce masa motarsa na hanya, alhali ba wanda ya san wace hanyar. An taɓa kai bas ɗin da aka yi oda daga Mubi can Jalingo, ta yi makonni kafin a gane. Yanzu duk wannan ya wuce. Keturah ma ta samu nata: idan wayar mijinta ba ta shiga, sai ta kira Becky, Becky ta ce, "Mama, yanzu suka wuce Wukari."

Abu ɗaya ne manhajar ba ta tambaya, shi ne shekarun direba. Tana iya ba ɗan shekara ashirin da biyar jif, ta ba sa'an ubansa tifa. Direbobin ba su yi jayayya da ita ba. Kowa ya danna a wayarsa cewa ya karɓi motar da aka ba shi, su fito ta ƙofa a jere yadda aka tsara, su isa wurin mai shayi, makullai su hau benci kamar yadda aka saba. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin ha'inci. Motoci shida aka ce su kai Jimeta, kuma shida suke kaiwa. Gaskiya ne ranar da aka koya musu aiki da manhajar an gaya musu cewa duk wanda ya ba wani makullin motar da ke sunansa za a cire shi daga aiki, kuma babu dillalin kamfanin da zai sake ɗaukarsa. Sun ji, sun gyaɗa kai. A tunaninsu bare ake nufi, ba ɗan ayari ba.

A watan Yulin bara suka je ɗauko motoci shida. Cikinsu akwai tifa ta wani mai sana'ar yashi a bakin Binuwai, manhajar kuwa ta ba Zadok ita saboda shi ke da lasin manyan motoci mafi daɗewa. Jif ta faɗa hannun Othniel, ƙaramin cikinsu, ɗan shekara ashirin da bakwai. Othniel ɗan marigayi Harrison ne, abokin Zadok da suka yi shekaru suna bin wannan hanyar tare. Bayan rasuwar uban, Zadok ne ya kama hannun yaron ya kai shi wurin Alhaji Jalo. Bai cika shekara a hanya ba, kuma tifa bai taɓa fita da ita wajen yadi ba.

A wurin mai shayi, Othniel bai ma jira benci ba. Ya miƙo makullin jif da hannu biyu.

"Bappa, ga naka," in ji shi, don haka yake kiran abokin ubansa.

Zadok ya dubi makullin. Ƙugunsa na ciwo tun zaman bas na zuwa. Ya dubi tifar, ya dubi yaron. Kashim, mutumin Borno da ke biye da shi a girma, yana hura shayinsa ya ce, "Karɓi mana, tsoho. Ko so kake mu kai wa Keturah kai a buhu biyu?"

Aka yi dariya, ya karɓa. Abin da ya gaya wa Othniel kawai shi ne ya bi shi a baya, kada ya wuce.

Har Mayo-Belwa lafiya. Nan Zadok ya tsaya sayen zuma a bakin hanya, ya yi wa sauran hannu su ci gaba a hankali zai cim musu. An yi ruwa da safe, kwalta na sheƙi, gida ya kusa. Othniel ya ga hanya a miƙe ba Bappa a gaba, ƙafarsa ta yi nauyi, ya wuce motocin da ke gabansa ɗaya bayan ɗaya. Kafin Ngurore garken shanu ya hau titi. Ya taka birki da dukan ƙarfinsa, tifar kuwa ba kaya, bayanta ya kwashe, ta juya ta faɗa kwalbati. Ba a taɓa saniya ko ɗaya ba, ba wanda ya mutu. Bamba da fitila da lagireto suka tafi, leɓen Othniel ya fashe.

Da Zadok ya iso ya tarar da shi zaune a ƙasa a gefen tifar. Ya duba idonsa, ya sa ya ɗaga hannuwa ya taka ƙafa. Da ya tabbata ba karaya, ya ce, "Ba ni makullin." Ya sa masa na jif a tafin hannu. "Wanke bakinka ka wuce. Ni na tuƙo wannan."

Sauran direbobin suna tsaye. Dukansu sun san lissafin da ya yi. Idan aka ce Zadok ne ya yi gudu, dakatarwa ce ta wata shida. Idan aka ce an yi musanya, shi da Othniel duka sun bar aikin har abada, yaron kuma shi ke riƙe da uwarsa da ƙannensa.

A ofis kuwa ɗigon tifar ya riga ya koma ja a gaban Becky. Gudu ɗari da goma, birki na gaggawa, sannan tsayuwa. Sunan da ke jikin ɗigon Zadok Yakubu. Manhajar da kanta ta rufe sunan, ba za a sake ba shi mota ba sai an gama bincike.

Washegari ta kira shi ofis ta rufe ƙofa.

"Baba, zauna. Tun da aka kawo wannan abin ban taɓa ganin motar da na san kai ke ciki ta wuce tamanin ba."

"Tsufa ne, 'yata. Ƙafa ta fara yin abin da ta ga dama."

Ta juyo masa da allon kwamfutar. "To ga jif ɗin Othniel. Tun daga Legas tamanin, tamanin, kamar mai ɗauke da ƙwai. Ga ta ta tsaya a Mayo-Belwa wurin mai zuma. Yaushe Othniel ya fara saya wa Mama zuma?"

Zadok ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Kwamfutarki wa ta ce?"

"Kai ta ce."

"Ni ma ni na ce. Mu biyu ke nan, ke kaɗai ce a wancan gefen."

Becky ta mayar da allon gabanta. Ta ce za ta rubuta abin da na'ura ta nuna da abin da ya faɗa da bakinsa, ba za ta ƙara nata ba. Amma idan aka tambaye ta kai tsaye, ba za ta yi ƙarya ba. Ya ce hakan ya yi. Legas ba su tambaya ba. Suka dakatar da shi wata shida, suka sa masa alamar gudun ganganci a gaban sunansa.

Zaman gida bai dame shi kamar alamar ba. Yana da 'yar gona a Mbamba, ya koma ya yi ta noman masara. Amma labari ya zaga. Mai tifar ya zo yadi ya faɗa a gaban jama'a cewa tsoffin da ido ya ƙare musu su zauna gida su yi wasa da jikoki. 'Yan keken Bekaji, waɗanda ya shekara yana yi wa faɗan gudu, suka samu abin da suke nema. Da ya shiga sai mai keken ya waiwayo ya ce, "Baba ɗari-da-goma, a taka ne ko a lallaɓa?" Yakan yi murmushi ya ce a lallaɓa. Keturah ta ce da ya dawo gida sai ya zauna a ƙofar ɗaki bai cire takalmi ba, ya daɗe a haka. Mutum ne da rabin direbobin yadin a hannunsa suka koya, kuma abin da yake taƙama da shi a duniya guda ne, cewa bai taɓa ko goge fentin motar mutane ba. Daga baya ya fara tafiya da ƙafa har bakin babban titi don ya shiga keken da bai san shi ba.

Keturah ta san gaskiya tun daren farko, domin bai iya ɓoye mata abu ba. Ba ta yarda da abin da ya yi ba, kuma ba ta ɓoye hakan ba.

"Ka samo masa aiki, ka karɓe masa wahala, yanzu ka ba shi sunanka. Me ya rage ka ba shi, ni?"

"Ba kyauta na yi masa ba," ya ce. "Na san bai iya tifa ba. Na ga kujera mai laushi na zauna. Wa ya jefa motar a rami in ba ni ba?"

"To ka je ka faɗi wannan laifin. Shi ne naka. Gudu ba naka ba ne."

Bai je ba. Othniel ya ci gaba da bin ayari, kuma duk dawowa sai ya biyo Bekaji da doya daga Zaki-Biam ko lemo daga Makurdi, ya durƙusa ya gaishe su, ya kasa haɗa ido da kowa. Zadok yakan tambaye shi hanya, da lafiyar uwarsa. Keturah takan amsa gaisuwa ta shige ɗaki. Wata ranar Asabar Zadok yana gona, yaron ya zo da doyarsa ya tarar da ita ita kaɗai tana tsince shinkafa.

"Mama, ga wannan ba yawa."

"Mayar wa uwarka, ta fi mu buƙata. Zauna." Ya zauna a bakin dakali. Ta gaya masa sunan da 'yan keke suka sa wa mijinta, da yadda yake takawa da ƙafa a rana don kada ya ji shi. Ba ta ɗaga murya ba. "Ban ce ka yi komai ba. Na ga dai kana zuwa kana tafiya ba ka san abin da kake ci ba, na ce bari ka sani."

Ranar Litinin Othniel ya shiga ofishin Alhaji Jalo ya faɗi duk yadda aka yi. Alhaji, wanda shi ma ya bi ayari a ƙuruciyarsa kafin ya samu jari, ya sa aka tara direbobin, aka aika keke ya ɗauko Zadok daga Mbamba da taɓo a ƙafarsa. Ya tambaye su tun yaushe ake musanya bayan an kawo manhajar.

Kashim ya ce, "Alhaji, ka fi mu sanin bencin nan. Ba a taɓa dainawa ba. In korar mai musanya za a yi, ka aika a sayo kwaɗo ka rufe ƙofa, don ba wanda zai rage sai Becky."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya dubi Zadok ya ce, "Da ka zo ka gaya mini."

"Da na gaya maka, Alhaji, da na sa ka zaɓa tsakanin yaron nan da Legas."

"Yanzu fa, me ka sa ni?"



Alhaji ya sa Becky ta rubuta wa Legas gaskiyar abin da ya faru, har da al'adar bencin da dalilinta, ya bi da waya da kansa. Amsa ta ɗauki makonni. Da suka bincika, sun tarar ba ayarin Jimeta kaɗai ke yin haka ba, saboda haka ba su kori kowa ba. Othniel an sauke shi daga hanya na shekara guda, yana yadi yana wanke motoci da gyara musu tsayuwa. Zadok an cire masa alamar gudu, an sa masa ta ba da makulli, da gargaɗin cewa shi ne na ƙarshe. An kuma karɓe shugabancin ayari an ba Kashim. Tun daga lokacin manhajar ba ta yarda a tashi daga kowane zango sai direba ya ɗauki hoton fuskarsa a bayan sitiyarin motar da aka ba shi.

Zadok ya ce wannan alamar ba ta hana shi barci. "Ita tawa ce. Na yi." Shugabancin ne ya ɗan yi masa ciwo, ko da yake bai faɗa da baki ba. Kashim ya ce har yanzu idan an isa mararraba sai ya ga motar Zadok ta ɗan leƙo kamar za ta shige gaba, sannan ta koma layi. Wasu 'yan keken Bekaji sun ji yadda aka ƙare sun bar sunan, wasu ba su ji ba, ko sun ji sunan ya fi musu daɗi.

Zadok ya taɓa tambayar Becky ko za a iya gaya wa manhajar shekarun mutane, ta riƙa duba furfura kafin ta raba motoci. Becky ta aika da tambayar. Legas suka ce za su duba. Ba su ce komai ba tukuna. Direbobin suna tsayawa wurin mai shayi har yanzu, amma makulli yana aljihun kowa, kuma mai shayin ya ce zaman ya rage armashi.

A makon jiya aka sake zuwa Legas, manhajar ta sake ba Zadok tifa. Wani sabon direba da aka ba jif ya tsaya yana jujjuya makulli a hannu, kunya ta hana shi shiga. Zadok ya ce masa, "Shiga abinka, ka kunna esi, ka ji daɗinsa a madadina." Ya ciro matashin da Keturah ta ɗinka masa ya sa a bayan ƙugu, ya ɗauki hoton fuskarsa, ya bi bayan Kashim.

Sun shigo Jimeta ranar Alhamis da la'asar. Othniel ya taho da bokiti da soso zai wanke tifar. Zadok bai sauko ba, ya ce masa ya ajiye bokitin ya hau gefen fasinja. Ya zagaya yadin da shi a hankali, yana nuna masa yadda ake rage giya kafin a taɓa birki idan bayan mota ba kaya, da yadda ake sakin ƙafa idan ta fara kwashewa. Sannan ya kashe injin, ya sauko yana dafe da ƙugu, ya ɗauki matashinsa da galan ɗin zuma, ya kai wa Becky makullin.